Kwalbar dala 12 da kwalbar dala 100: ina kuɗin baƙar giya yake tafiya?

A ƙarshen watan Nuwamba, washegarin bikin godiya na Amurkawa, mutane kan yi sammako cikin hunturun Chicago su kafa layi a ƙofar kantuna saboda kwalba guda mai cin rabin lita. Abin da ke cikinta giya ce baƙa wuluk, mai kauri kamar zuma, irin da ake kira Imperial Stout da ake ajiyewa a gangar wuski, wadda kamfanin Goose Island ke kira Bourbon County. Ta asalin takan haura dala 10, waɗanda aka ƙara wa kayan ƙamshi kuma su ninka haka ko su wuce. A garin Decorah na jihar Iowa akwai wata da aka sayar da ƙaramar kwalbarta dala 100, kuma sai ƙuri'a ta faɗo a kanka kafin a ba ka damar biya. Shi ya sa duk shekara ake maimaita gardama ɗaya a Amurka da Turai: masu yin wannan giya aikinsu suke ci, ko aljihun mutane?

Ga mafi yawan masu karanta Hausa giya haramun ce, don haka tsadarta da araharta duk ɗaya ne, kuma wannan rubutu ba tallarta yake yi ba. Tambayar dai ta kasuwa ce, irin wadda ake yi a kan shadda mai tsada ko turaren itace: nawa ne kuɗin kaya da wahala, nawa ne kuɗin suna? Giyar nan ta dace da wannan bincike ne domin ana iya auna kusan kowane mataki na yinta da kilo da lita da kwanaki. A ganina, idan aka yi lissafin tsakani da Allah, ninki uku zuwa huɗu a kan farashin giyar gama-gari halak ɗin mai yi ne. Abin da ya haura nan, ba hatsi ake biya ba kuma ba ganga ba, layin da aka ja a ƙofa ake biya.

A fara kawar da wata fahimta: baƙin launi ba shi da tsada. Launin yana fitowa ne daga ɗan kason sha'ir da aka gasa har ya yi baƙi kamar gawayi, dabarar da wani Bature mai suna Daniel Wheeler ya yi wa rajista a Ingila a 1817. Wannan gasasshen kaso ba ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na hatsin da ake zubawa, sauran yawanci farin tsiro ne na yau da kullum, wato sha'ir da aka bari ya tsiro aka busar. Ƙarfi shi kaɗai ma ba ya sa giya ta zama ta masu hannu da shuni. Guinness ɗin da ake yi a Najeriya tun farkon shekarun 1960 a Ikeja tana da barasa kashi 7.5 cikin 100, baƙa ce, kuma tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin giya na ƙasar suka koma kan dawa, wadda akasarinta daga gonakin Arewa take fitowa. A Poland akwai Żywiec Porter mai kashi 9.5, tana nan a kan kanta kamar kowane kaya. Duk wanda ya ce maka giyarsa ta yi tsada don baƙa ce kuma mai ƙarfi, bai faɗa maka komai ba tukuna.

Tsadar gaske tana farawa ne daga tukunyar jiƙo. Giya ta gama-gari mai barasa kashi 5 tana fitowa daga ruwan tsiro mai sukari kusan kashi 12 cikin 100, kuma tsiro kilo 17 zuwa 18 ya isa a samu lita 100. Irin wadda muke magana a kai, da ake kira Imperial Stout, mai barasa kashi 12 zuwa 15, tana bukatar ruwa mai sukari kashi 28 ko fiye. Da lissafi a miƙe yake, da sai a ce a ninka hatsin sau biyu da rabi. Amma ba a miƙe yake ba. Yadda ake tatso sukari daga tsiro shi ne a jiƙa shi da ruwan zafi na kimanin digiri 66, a bar shi awa guda, a tace, sannan a riƙa ɗauraye dusar da ƙarin ruwan zafi har sukarin ya fita tas. Mai neman ruwa mai kauri ba shi da halin yawan ɗauraya, domin kowace lita da ya ƙara tana tsinka abin da yake nema. Dole ya tsaya da wuri, ya bar sukari mai yawa a cikin dusar da manoma za su kwashe su ba shanu. Sakamakon haka sai ya ci kilo 45 zuwa 55 kafin ya samu lita 100 ɗin, wato ninki uku.

Akwai kuma matsalar girman tukunya. An ƙera ta ne don hatsin giyar yau da kullum, ba za ta ɗauki ninki uku a zubi ɗaya ba. Ko dai a yi jiƙo biyu ko uku a haɗa a tanki ɗaya, aikin wuni guda ya koma na wuni biyu, ko a haƙura da rabin tanki. Tafasa ma haka take. Giyar gama-gari awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi take yi a wuta, wannan kuwa wasu kan tafasa ta awa uku, huɗu, har fiye, don ruwa ya ƙone sukari ya tattaru. Gas ne ke tafiya, kuma mai aiki yana tsaye. Idan aka yi sakaci sukarin ya kama gindin tukunya, ƙauri ya shiga, ba abin da zai fitar da shi. Gasasshen sha'ir kuma yana da tsami a jikinsa, idan ruwan garin ba mai kanwa-kanwa ba ne sai an gyara shi da ɗan bakar soda, in ba haka ba giyar ta fito da ɗaci mai kartar maƙogwaro.

Sai yis, wanda shi ne ke juya sukari ya zama barasa. A ruwa mai kauri irin wannan yis wahala yake sha tun daga farko, sukarin yana zuƙe masa ruwan jiki, daga baya kuma barasar da shi da kansa ya samar ta fara kashe shi. Don haka ana zuba ninki biyu zuwa uku na abin da aka saba, a hura wa ruwan iska mai tsabta kafin zubawa, wasu su sake hurawa bayan awa 12 zuwa 18. Dole a riƙe zafin tankin wajen digiri 18 zuwa 20 a kwanakin farko, alhali tsimin da kansa zafi yake haifarwa. Idan ya kuɓuce ya haye, giyar takan fito da wari irin na sinadarin goge fenti, kuma ajiyar shekara ma ba lallai ta kawar da shi ba. Idan kuma yis ya gaji ya kwanta a tsakiyar aiki, an tashi da tanki cike da ruwan zaƙi wanda bai zama giya ba kuma ba ya sayuwa. Giyar yau da kullum takan bar tanki cikin mako biyu zuwa uku. Wannan takan yi mako huɗu zuwa shida. Ga ƙaramar masana'anta mai tanki biyar ko shida, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a wannan lokaci tankin zai iya fitar da zubi biyu na abin da ke kawo kuɗin albashi.

Har zuwa nan ba a taɓa ganga ba, kuma ita ce tushen shaharar wannan giya a zamaninmu. Salon kansa tsoho ne, tun ƙarni na 18 masana'antun Landan ke yin irinta suna aikawa Rasha, daga nan ta samo sunan sarauta. Amma zuba ta a gangar wuski ta Amurka sabon abu ne, a shekarun 1990 Greg Hall na Goose Island ya fara shahara da shi. Dalilin samuwar gangunan yana cikin doka: wuskin da ake kira bourbon dole ne a ajiye shi a sabuwar gangar katakon itacen da ake kira oak da aka babbake cikinta, don haka ganga sau ɗaya take yi musu aiki. Kowace tana cin galan 53, kusan lita 200. Da can masu wuski na Scotland ne manyan masu sayen su, yanzu ga masu giya sun shigo, kowa yana neman wadda aka juye jiya-jiya.

Ganga ba tulu ba ce da za a ajiye a lungu sai an bukata. Idan ta yi makonni ba komai a ciki, katakon ya bushe, haɗin ya buɗe, ta fara yoyo, ƙwayoyin cuta kuma su samu wurin zama. Shi ya sa ake tsara ranar isowar ganga ta dace da ranar da giya ta gama tsima. Kafin cikawa a kori iskar ciki da iskar gas da ba ta ɓata giya, a cika ta har wuya, a toshe. Daga nan sai jira, yawanci wata 8 zuwa 12, wani lokaci shekara biyu. Zafin bazara yana tura giyar cikin katako, sanyin hunturu ya dawo da ita ɗauke da ƙamshin wuski da na itace. A wannan zama katako yana shan nasa, iska tana ɗaukar nata, gindin ganga kuma yana tara laka da ba a sayarwa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa: asarar kashi ɗaya cikin goma abu ne da kowa ya saka a lissafi tun kafin ya fara. Gangar kuma a zagaye na biyu ƙamshinta ya riga ya ragu sosai, galibi sai a sayar da ita ga masu shuka fure ko masu kujeru.

Babbar barazanar ita ce tsami. Ba a iya wanke katako yadda ake wanke ƙarfe, kuma ƙwayoyin da ke mayar da giya ruwan tsami suna ɓuya a cikin ƙofofinsa. Masana'anta mai hankali takan huda kowace ganga da ƙusa ta ƙarfe mara tsatsa, ta ɗebi kaɗan, a ɗanɗana, a auna tsami, a kai ɗakin gwaji, kafin a yarda a haɗa ta da sauran. Ganga ɗaya mai cuta tana iya ɓata ɗari. Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2016 Goose Island ta mayar wa mutane kuɗinsu a kan wasu nau'o'in Bourbon County na 2015 bayan da suka yi tsami a cikin kwalba, aka gano wata ƙwayar Lactobacillus ce ta shiga, kuma tun daga lokacin kamfanin yake ɗumama giyar na ɗan lokaci don kashe ƙwayoyi kafin ɗurawa. Kamfanin da AB InBev, katafaren kamfanin giya na duniya, ya saya a 2011 ke nan, mai ɗakin gwaji da kuɗi a bayansa. Ƙaramin mai yi da irin wannan ta faɗa wa, shekararsa ce ta tafi.

To, bari mu dora lissafi a kan wannan duka. Farashin da zan yi amfani da su na misali ne, na ɗaga su ma don kada a ce an tauye mai yi. Mu ɗauki zubi na lita 1,000. Tsiro kilo 500, a ce kowane kilo dala 1.20, dala 600 ke nan. Ganga biyar, a ce kowace dala 200, dala 1,000. Furen hops mai ba da ɗaci, yis, gas da wuta, a ce dala 400. Jimla dala 2,000. A cire kashi ɗaya cikin goma na asara, a kuma ƙaddara ganga ɗaya cikin biyar ta lalace an zubar, abin da ya fi yadda aka saba gani muni. Saura lita 720, kwalba 1,440 masu rabin lita. Kowace kwalba ta ci ƙasa da dala ɗaya da rabi. A ƙara dala ɗaya na kwalba da murfi da takarda da kwali, an kusa dala biyu da rabi. A ninka wannan gaba ɗaya saboda albashi, hayar rumbu na shekara, gwaji, da kuɗin da aka binne ba ya juyawa, an zo dala 5. Mai yi ya ɗora ribarsa ya sayar dala 7.

Daga nan kaya ya shiga hannun wasu. Tun da aka janye dokar hana giya a Amurka a 1933, tsarin da yawancin jihohi ke bi shi ne mai yi ya sayar wa ɗan sari, ɗan sari ya sayar wa mai kanti. Idan kowannensu ya ɗora kashi 30 a kan abin da ya saya, dala 7 ta zama 9.10, ta zama kusan 12. Abin lura a nan shi ne riba ta kaso tana ninka duk wani ƙari: kowace dala ɗaya da ta ƙaru a masana'anta takan isa hannun mai saye a matsayin dala 1.70. Don haka kwalbar dala 12 zuwa 15 a kanti ba zalunci ba ce. Duk wanda ya ce a sayar masa da ita a farashin giyar mako biyu, bai san aikin ba.

Haraji kuwa ya danganta da ƙasa, kuma a nan mutane kan cakuɗa zance. A Amurka harajin tarayya ba ya duban ƙarfi: ƙaramin mai yi yana biyan dala 3.50 a kan kowace gangar awo mai lita 117, a kan ganga 60,000 na farko. A kwalbar rabin lita bai kai santi biyu ba, don haka Ba'amurken da ya fake da harajin tarayya ya nemi wata hujjar. A Birtaniya labarin daban ne. Daga 1 ga Agusta 2023 ana caji ne a kan kowace litar tsantsar barasa: fam 21.01 ga giyar da ke tsakanin kashi 3.5 da 8.4, fam 28.50 ga wadda ta kai 8.5 zuwa 22, kuma an ƙara a kan haka daga baya. Rangwamen da ake yi wa ƙananan masana'antu ma yana tsayawa ne ƙasa da 8.5. A bisa farashin 2023, gwangwani mai mililita 330 na kashi 4.5 yana ɗauke da harajin kusan fam 0.31, na kashi 12 kuwa fam 1.13, kafin a ɗora harajin saye na kashi 20 a kan duka. Mai yi a Leeds ko Manchester yana da hujjar da takwaransa na Iowa ba shi da ita.

Saura tambaya: daga dala 15 zuwa 30, zuwa 100, me aka ƙara? Amsar da aka fi bayarwa ita ce kayan ƙamshi, wato banila, koko, gahawa, kwakwa, kirfa. Gaskiya ne suna da tsada. Banilar Madagaska ta kai wajen dala 600 kilo ɗaya bayan guguwar Enawo ta 2017, koko kuma ya haura dala 10,000 tan ɗaya a 2024. Amma a raba a gani. Ko da an zuba banila kilo biyu a zubin da muka yi misali da shi, a wancan farashi mafi muni, dala 1,200 ne a kan kwalba 1,440, bai kai dala ɗaya a kowace kwalba ba. Kwakwa ce ma ta fi cin mai yi, domin tana shanye giya kamar soso, kuma man da ke cikinta yana kashe kumfa. A ƙara dala uku ko huɗu saboda waɗannan, ba wanda zai yi magana. Ninka farashi gaba ɗaya kuwa ba banila ba ce ta jawo shi.

Wani abin da ya kamata a lura da shi: mafi tsadar kwalaben nan ba sa bi ta hannun ɗan sari ko mai kanti kwata-kwata. A ƙofar masana'anta ake sayar da su, rana ɗaya a shekara, da tikiti. Kamfanin Three Floyds na jihar Indiana ya mayar da fitowar giyarsa Dark Lord biki guda mai ranarsa. Ke nan kason da dillalai biyu za su ci ya dawo aljihun mai yi, amma maimakon farashi ya sauka sai ya hau. Ba na ganin laifin ƙaramin kamfani ya nemi riba mai kauri a kan abu ɗaya don ya rufe ramin sauran, kasuwanci ke nan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira wannan kuɗin kaya. Kuɗin ƙarancin da aka tsara ne. Dankon da ake tsoma wuyan kwalba a ciki, lambar da ake rubutawa da hannu, iyakar kwalba biyu ga mutum ɗaya, duk suna cewa mai saye abu ɗaya: yi sauri kafin ta ƙare.

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa ƙarancin nan na ganin dama ne ita ce abin da ya faru da KBS, wata baƙar giyar ganga ta kamfanin Founders a Grand Rapids, jihar Michigan. Shekaru ana ja mata layi sau ɗaya a shekara, ana ajiye gangunanta a tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai da ke ƙarƙashin garin, har aka ɗauka yawanta ba ya ƙaruwa. Da kamfanin Mahou San Miguel na Sifen ya ƙulla cinikin mallakar mafi yawan hannun jari a 2019, daga 2020 aka mayar da ita wadda ake samu a kowane lokaci cikin shekara. Yanzu tana zaune a kan kanta ba mai turereniya.  Layin ya watse, kuma da yawa daga masu yabonta a da suka fara cewa ai ba ta kai yadda take ba.

Ta ɗaya gefen kuma ga 'yan zuhudun Kirista na gidan ibadar Sint-Sixtus da ke Westvleteren a Beljiyam. Giyarsu mai lamba 12 baƙa-baƙa ce mai kashi 10.2, kuma tun da wani shafin masu ba da maki ya ɗora ta a matsayi na ɗaya a duniya a 2005 mutane suka yi musu caa. Ba su ƙara yawan abin da suke yi don biyan bukatar kasuwa ba, ba su kuma mayar da farashin na gwanjo ba. Suna sayarwa ne gwargwadon abin da zai riƙe gidan, da sharaɗin kada mai saye ya sake sayarwa. A 2018 wani babban kanti a Holland ya samo dubban kwalabe ta bayan fage ya sa kowace Yuro 9.95, ninkin-ba-ninkin farashin gidan ibadar, abin da ya sa 'yan zuhudun suka koma yin rajistar masu saye ta intanet a 2019. A nan an ga abin a fili: giya ɗaya, farashi biyu, kuma bambancin bai shiga hannun wanda ya tsaya a bakin tukunya ba. 'Yan bumburutu ne suka ci, kamar yadda ake yi da fetur idan layi ya yi tsawo. A Amurka ma haka kasuwar bayan fage take, duk da cewa eBay ta hana wannan ciniki tun 2012 kuma sayar da giya ba lasisi laifi ne a yawancin jihohi. Wasu masana'antun sukan ce sun ɗaga farashi ne don kada 'yan bumburutu su ci ribar su kaɗai. Hujja ce mai ma'ana, amma ita kanta amincewa ce cewa farashin ya rabu da kuɗin aiki.

Masu kare tsadar suna da wata magana da suke so: a raba farashin da yawan barasar da ke ciki. Kwalbar rabin lita mai kashi 14 tana ɗauke da mililita 70 na tsantsar barasa, fiye da ƙananan kwalabe huɗu na giya mai kashi 5. Lissafin daidai ne, amma ba sabon kuɗi ya gano ba, hatsin da muka riga muka ƙirga ne ya dawo da wani suna. Iyakar abin da yake nunawa shi ne ninki uku a kan kowace lita, inda muka tsaya tun farko. Yana kuma tona wani abu da tallar ba ta faɗa: mililita 70 ɗin nan ma'auni bakwai ne a ƙidayar Birtaniya, rabin ma'auni 14 da hukumomin lafiyar ƙasar suka ce kada a wuce a mako guda. Zaƙi da ƙamshin cakulan suna ɓoye ƙarfin, har wasu daga cikin na zamani sukan bar sukarin da bai tsimu ba fiye da wanda giyar gama-gari ke farawa da shi. Tsadar kwalba ba ta rage wa hanta aiki.

Wannan ragowar sukari ma ita ce ke rusa ɗaya alƙawarin da ake sayar da kwalaben da shi, cewa jari ne da ke ƙara kyau da shekaru. Tsohon salon, mai ɗaci sosai kuma ba kayan ƙari, yana iya jure shekaru idan an ajiye shi a tsaye, cikin duhu, a sanyin digiri 10 zuwa 13. Na kayan ƙamshi akasin haka yake. Gahawa takan gushe cikin watanni ta bar wari irin na ɗanyen tattasai, kwakwa da banila su dusashe, iskar da ta shiga lokacin ɗurawa ta kawo ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali ko na miyar waken soya. Idan kuma ba a kashe ƙwayoyi kafin ɗurawa ba, wani yis na daji yana iya farkawa ya ci sukarin a cikin kwalba, ta yi ambaliya da an buɗe, ko ta fashe a kabad. Wato mafi tsadar nau'in shi ne mafi saurin lalacewa.

Mai son ya san ko farashin kwalba na aiki ne ko na suna, takardar jikinta ta ishe shi. Masana'antar da ta kashe kuɗin da gaske ba ta jin nauyin rubuta irin gangar da aka yi amfani da ita da gidan wuskin da ta fito, watanni nawa giyar ta yi a ciki, ranar ɗurawa, da ko an ɗumama ta. Kalmar da ke nufin an ajiye a ganga daban take da wadda ke nufin an jefa gutsuren katako a cikin tankin ƙarfe na mako biyu, kuma ta biyun ba ta ɗauke da hayar rumbu, ba ta da asarar kashi goma, ba ta da gangar da aka zubar. Haka banila ta gaske daban take da ruwan ƙamshi na kwalba da ake ɗigawa. Akwai kwalabe masu danko a wuya da zanen dodo a gaba, farashinsu ya haura dala 25, waɗanda idan ka juya bayansu ba za ka samu ko ɗaya daga cikin bayanan nan huɗu ba.